Italiyancin Fim da Italiyancin Littafi: Abin da Ke Faruwa Idan Aka Haɗa Su a Ajin Jami'a

Ɗalibin da ya yi zango biyu yana koyon Italiyanci a jami'a, ya haddace jadawalin aikatau, ya iya gaisuwa da tambayar hanya da yankan tikitin jirgin ƙasa, yakan sha mamaki ranar da malami ya fara kunna wa aji fim. Galibi *Ladri di biciclette* na Vittorio De Sica ake fara sawa, wanda ya fito a 1948, don ya yi suna kuma labarinsa ba shi da sarƙaƙiya: talaka ya samu aikin liƙa fastoci a birnin Roma, ranar farko aka sace keken da aikin ya dogara a kansa, shi da ɗansa suka bazama cikin gari nema. Kafin a yi minti goma ɗalibi ya ga kunnensa ya ƙi kama komai. An koya masa *il*, ga shi yana jin *er*. An koya masa *andare*, ana ce masa *annà*. *Non* ta koma *nun*, *adesso* ta ɓace, *mo'* ta zauna a gurbinta. In ya gudu daga fim ya buɗe littafin labari don ya huta, can ma wata sabuwa ce: *fu, ebbe, disse, nacque, volle*, kalmomin da ko ƙamus ya duba ba lallai ya same su a yadda suke ba.

Malamai da yawa suna kallon wannan ruɗani a matsayin cikas, sai su shiga neman fim mai "tsaftataccen" harshe don su kauce masa. Alhali wannan tazara da ke tsakanin abin da aka koya a aji, da abin da kunne ke ji a fim, da abin da ido ke gani a shafi, ita ce kan darasin. Abin da ke wuyan malami shi ne ya san lokacin da zai nuna ta, da gwargwadon da ɗalibi zai iya ɗauka a kowane mataki.

Tushen abin tarihi ne. Harshen da ake kira Italiyanci asalinsa karin harshen birnin Firenze ne na ƙarni na 14, wanda marubuta uku suka ɗaukaka: Dante, wanda ya rasu a 1321, da Petrarca, da Boccaccio. A 1525 Pietro Bembo ya fitar da littafi yana cewa mai son yin waƙa ya bi sawun Petrarca, mai rubutun zube ya bi na Boccaccio, masana kuma suka karɓa. Daga nan aka shafe fiye da shekara ɗari uku ana rubutu da harshen da, in ka cire yankin Toskana da wani ɓangare na Roma, kusan babu mai magana da shi a gida. Mutumin Napoli da nasa, na Venezia da nasa, na Sisiliya da nasa. Waɗannan kuwa ba gurɓataccen Italiyanci ba ne. Kowannensu daga Latin ya tsiro kai tsaye, ƙannen juna ne da harshen Firenze. Kada mai karatu ya auna su da Kananci da Sakkwatanci. Bakano da Basakkwace suna ciniki ba tafinta, amma manomin Bergamo da masuncin Sisiliya, in kowa ya tsaya kan harshen garinsu, sai dai su yi ta kallon juna.

Lokacin da ƙasar ta dunƙule a 1861, masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta kashi 2.5 cikin ɗari ne kawai na jama'a suka iya Italiyanci. Arrigo Castellani ya yi jayayya da shi, ya kai adadin kusan kashi 10. Ko wanne ka ɗauka, aƙalla mutum tara cikin goma ba su iya harshen ƙasarsu ba. Shi kansa Alessandro Manzoni, mai *I promessi sposi*, ɗan Milano ne. Bayan bugun 1827 ya tafi Firenze ya saurari bakin mutane, ya sake wanke harshen littafin kaf, bugun da ake karantawa a makarantu yau na 1840 zuwa 1842 ne. Abin da ya shigar da Italiyanci gidajen talakawa daga baya shi ne makaranta, da aikin soja, da ƙaurar mutanen kudu zuwa masana'antun Torino da Milano, sannan rediyo da sinima da talabijin. Gidan RAI ya fara watsa shirye-shiryen talabijin a Janairun 1954, kuma daga 1960 zuwa 1968 wani malamin firamare, Alberto Manzi, yana koya wa manya karatu da rubutu ta allon talabijin. Ke nan fim ɗin da ake kunna wa ɗalibi ya fito ne a daidai lokacin da su kansu Italiyawa suke koyon harshen. Jaruman De Sica ba su ɓata Italiyanci ba, bai gama iso musu ba ne tukuna.

Don haka ɗalibi yana fuskantar harshe hawa uku, ban da karin harsunan yankuna. Akwai na littafin koyarwa, akwai na adabi, akwai kuma wanda masu ilimi suke yi da bakinsu yau da kullum, wanda Francesco Sabatini ya bayyana siffofinsa a 1985, Gaetano Berruto kuma ya kira shi *neostandard* a 1987. Tsohon nahawu ya ce *egli* da *ella*, kowa yana cewa *lui* da *lei*. Nahawu ya ce *se l'avessi saputo, non sarei venuto*, wato da na sani da ban zo ba, amma a teburin cin abinci *se lo sapevo, non venivo* za ka ji. Ana ciro abin da ake magana a kai a sa shi gaba sannan a maimaita shi da wakilin suna: *il caffè lo prendo dopo*, kofin, zan sha shi an jima. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a wannan ba, haka yake gina jimlarsa kullum. Akwai kuma ƙananan kalmomin da ba sa fassaruwa: *magari, mica, boh, insomma, figurati, dai*. Littafin koyarwa yana ba su layi ɗaya. Fim ne kaɗai ke nuna su da fuska da kafaɗa da sautin murya, kuma a nan gani ya kori ji da gaske. Wanda ya taɓa ƙoƙarin bayyana wa baƙo bambancin "dai" da "fa" da "kam" da "kuwa" ya san irin wahalar.

Shi kuwa adabi, babban shingensa na farko shi ne lokacin aikatau da ake kira *passato remoto*. A aji ana koyar da *passato prossimo*: *ho preso*, na ɗauka. Mutanen arewacin Italiya da shi suke magana kusan ko yaushe. Amma yawancin littattafan labari da *remoto* aka rubuta su: *presi*. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a jira sai zango na huɗu kafin a taɓa shi, ko kuma a tilasta wa ɗalibi ya haddace shi kamar zai yi magana da shi. Abin da yake bukata don karatu shi ne ya gane shi in ya gani, kuma wannan aikin mako ɗaya ne. Aikatau marasa bin ƙa'ida suna da tsari: sigar "ni" da ta "shi ko ita" da ta "su" ne ke canza jiki, sauran ukun suna nan daram. *Presi, prendesti, prese, prendemmo, prendeste, presero.* Tunda labari galibi da "shi" da "su" ake ba da shi, takarda ɗaya mai aikatau talatin zuwa arba'in ta wadatar: *fece* daga *fare*, *seppe* daga *sapere*, *venne* daga *venire*, *giunse* daga *giungere*. A ja kunnen ɗalibi kan ɗigon da ke saman wasalin ƙarshe. *Parlo* ina magana ne, *parlò* ya yi magana. Wanda ya ƙi kula da shi zai karanta shafi guda yana zaton mai labari ne ke magana a kan kansa.

Akwai wani abu game da finafinan Italiya da ba kasafai ake gaya wa ɗalibai ba, shi ne muryar da suke ji sau da yawa ba a wurin ɗaukar fim aka naɗe ta ba. Gwamnatin Mussolini ta kafa doka a 1933 cewa finafinan waje sai an ɗora musu muryar Italiyanci a cikin ƙasar, masana'antar ɗora murya ta bunƙasa, har masu shirya finafinan gida suka saba da ɗaukar hoto su bar sauti sai a situdiyo. Haka aka ci gaba shekaru da dama bayan yaƙi. An san Federico Fellini da sa wasu 'yan wasa su yi ta ƙirga lambobi gaban kyamara, daga baya ya rubuta abin da yake so su faɗa. A *Il Gattopardo* na Luchino Visconti, 1963, Ba'amurke Burt Lancaster ne basaraken Sisiliya, Bafaranshe Alain Delon ne ɗan 'yar uwarsa, muryoyinsu na Italiyanci na wasu ne. Ga mai koyo wannan yana da riba da hasara. Sautin yakan fita tas, babu hayaniyar titi. Amma leɓe ba ya tafiya daidai da magana, don haka ɗalibin da ke dogaro da kallon baki don ya raba kalmomi zai sha wuya. Wasu kuma sukan ba da shawarar a kalli finafinan Amurka da aka ɗora wa Italiyanci, tunda an san labarin. Yana taimakon kunne a farko, amma harshen ciki na situdiyo ne, an yanka shi daidai da motsin bakin Turanci, har Italiyawa sun raɗa masa suna, *doppiaggese*. Duk wanda ya saurari Hausar fassarar finafinan Indiya ya san tana da daɗin ji, ya kuma san ba haka ake magana a Kurmi ba.

Rubutun ƙasan allo shi ma sai an yi hattara da shi. In na Turanci ne ko Faransanci, ido yana karatu kunne ya tafi hutu, ɗalibi ya tashi ya san labari bai ƙaru da jimla ɗaya ba. In na Italiyanci ne yana da amfani ƙwarai, amma a sani ba kwafin magana ba ne. Layi biyu ne iyakarsa, kowane layi harafi arba'in ko kusa da haka, kuma ba ya wuce daƙiƙa shida ko bakwai a allo. Mai rubutawa dole ya taƙaita, abin da yake fara zubarwa kuwa shi ne ainihin abin da aka zo nema: su *insomma* da *mica*, da maimaici, da in-ina. Sau da yawa ma yakan mayar da karin harshe zuwa daidaitacce ba tare da ya faɗa ba, ɗan wasa ya ce *nun ce sta*, a rubuta *non c'è*. Malamin da ya san haka yana mayar da shi aikin aji: a nemo wurare biyar da rubutu ya saɓa da baki, a faɗi abin da ya salwanta.

Lissafin lokaci ne ke nuna me ya sa kallon fim sukutum a aji asara ce. Darasi mai awa uku a mako, zango mai mako 13, awa 39 ke nan. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka tana ware wa Italiyanci awa 600 zuwa 750 na aji, ga mutanen da harshensu Turanci ne kuma ba su da wani aiki sai shi. In aka ƙona awa biyu cikin 39 ana zaune cikin duhu, an ci kaso mai tsoka. Cikakken fim aikin gida ne, a kalla sau ɗaya da fassarar da aka fi ganewa don a san labari. A aji kuwa fitowa ɗaya ake ɗauka, mai minti biyu zuwa huɗu, a yi mata zama na minti hamsin.

Ga yadda zaman yake tafiya idan aka ɗauki fitowar gidan jingina a fim ɗin De Sica. Da farko a kashe sauti. Ɗalibai su ga mace ta miƙa ƙunshin zannuwan gado ta taga, ma'aikaci yana jujjuya su, sannan wani ya ɗauki ƙunshin yana hawa kantoci masu tsawo har rufi, duk maƙare da irin ƙunshin nan na wasu gidaje. A tambaye su da Italiyanci mai sauƙi: su wane ne, ina ne nan, wa ke roƙo, wa ke da iko? A karo na biyu a kunna sauti ba rubutu, a ba su aiki ƙwaya ɗaya, misali su kama lambobin da aka ambata, domin ciniki ake yi, zannuwa shida, aka tsaya a lira 7,500. Kunnen da aka ba abu ɗaya ya farauta ya fi wanda aka ce ya fahimci komai. Karo na uku da rubutun Italiyanci. Sai a yanki daƙiƙa talatin ko arba'in, su rubuta abin da suka ji baƙi da wasali, bibbiyu, a maimaita musu sau biyar ko shida. Wannan ne wurin da ya fi gajiyarwa kuma ya fi amfani, domin nan ɗalibi ke gano cewa abin da ya ɗauka kalma ɗaya ce ashe uku ne suka manne. Daga ƙarshe su mayar da abin da suka rubuta zuwa daidaitaccen harshe, su karanta shi da babbar murya, su ji yadda matar ta koma kamar mai karanta takardar kotu. Sai a gaya musu zannuwan nan na kayan aurenta ne. Babu 'yar Hausa a ajin da za a yi wa dogon bayani kan abin da ake nufi da mace ta fitar da kayan ɗakinta don mijinta ya samu aiki.

Zaɓen littafi yana da nasa ma'aunin. Binciken koyon karatu a baƙon harshe ya nuna mutum yana bukatar sanin kashi 95 zuwa 98 cikin ɗari na kalmomin shafi kafin ya karanta shi ba da guminsa ba. A shafi mai kalma 300, kashi 98 na nufin baƙin kalmomi shida. In ya sauka zuwa kashi 90 sun zama talatin, kusan kowane layi da tasa, karatu ya koma tonon ƙamus. Gwajin mai sauƙi ne: a buɗe tsakiyar littafi, ba farkonsa ba, ɗalibi ya ja layi ƙarƙashin abin da bai sani ba, a ƙirga. Shaharar littafi ba ta shiga wannan lissafi, kuma a nan manhajoji da yawa ke tuntuɓe, domin sashen adabi ne ke zaɓa, shi kuwa manyan sunaye yake so.

Ga mai matakin B1, cikin matakai shida na ma'aunin Turai da ke tashi daga A1 zuwa C2, da wuya a samu abin da ya kai *Io non ho paura* na Niccolò Ammaniti, 2001, da fim ɗinsa na Gabriele Salvatores, 2003. Yaro ɗan shekara tara ne ke ba da labari, jimlolin gajeru ne, kuma da *passato prossimo* aka rubuta shi, don haka shingen *remoto* bai taso ba. Labarin kuma yana buɗe ƙofar tattaunawa kan talaucin kudu da garkuwa da mutane don kuɗin fansa a shekarun 1970. *Marcovaldo* na Italo Calvino, 1963, gajerun labarai ashirin ne, kowanne ana gama shi a zama ɗaya, sai dai kalmominsa sun fi yadda ake zato yawa, sunayen tsirrai da kayan birni sun cika shi. A B2 ana iya shiga *Il giorno della civetta* na Leonardo Sciascia, 1961, inda rabin ma'anar ke cikin abin da shaidu suka ƙi faɗa wa jami'in bincike ɗan arewa.

Inda haɗa littafi da allo ya fi ba da riba shi ne inda suka saɓa a kan harshe. *L'amica geniale* na Elena Ferrante, 2011, labarin 'yan mata biyu ne a unguwar talakawa a Napoli. A littafin kusan babu harshen Napoli a rubuce. Marubuciyar takan ce wance ta faɗi kaza da karin harshe, sannan ta rubuta maganar da Italiyanci. Da aka mayar da shi shirin talabijin a 2018 ba a iya wannan dabara ba, dole 'yan wasa su buɗe baki, sai suka yi harshen Napoli, aka sa wa su kansu Italiyawa rubutu a ƙasan allo. Ɗalibin da ya karanta shafin ya fahimce shi, sannan ya kalli fitowar ya kasa kama ko kalma, ya ji a jikinsa irin ramin da yarinyar da ke labarin ta tsallaka lokacin da makaranta ta ba ta Italiyanci ta raba ta da bakin uwarta. Lacca goma ba za su ba shi wannan ba. Tsohon misalin irin wannan shi ne *I Malavoglia* na Giovanni Verga, 1881, wanda ya rubuta da kalmomin Italiyanci a kan ƙashin jimlar Sisiliya da karin maganarta, da fim ɗin *La terra trema* da Visconti ya gina a kan labarinsa, ya ɗauka a 1948 da masuntan Aci Trezza na gaske suna harshensu. Rubutun buɗe fim ɗin ma ya faɗa ƙarara cewa a Sisiliya Italiyanci ba harshen talaka ba ne. Wannan na 'yan ajin ƙarshe ne. Haka fim ɗin *Gomorra* na Matteo Garrone, 2008, mai cike da harshen Napoli: a kalle shi don sanin ƙasa, kada a sa ran koyon jimla daga gare shi.

Mai jin Hausa yana shiga wannan aji da jarin da Bature ɗan Ingila ba shi da shi. Italiyanci yana bambanta ma'ana da shadda: *pala* shebur, *palla* ƙwallo, *nono* na tara, *nonno* kaka namiji, *sete* ƙishirwa, *sette* bakwai. Mai Turanci yakan shekara bai ji bambancin ba, wanda ya tashi da "baba" da "babba" yana ji tun ranar farko. Jinsin namiji da mace a suna ba sabon abu ba ne gare shi, harafin *r* mai karkarwa yana bakinsa, kuma *congiuntivo* da ke firgita ɗalibai yana da ɗan uwa a gida: "ina so ka zo" ba "ina so kana zuwa" ba, haka *voglio che tu venga*. Inda yake faɗuwa shi ne *p* da *f* da *v* da *b*. *Ponte* gada ce, *fonte* maɓuɓɓuga. *Pare* da alama, *fare* yi. *Pasta, basta, vasta* kalmomi uku ne daban. Wannan ba ya gyaruwa da kallo kawai, sai an ware masa minti biyar a kowane zama, ana bin muryar ɗan wasa jimla bayan jimla ana naɗar ta ɗalibi a waya yana saurare. Hanyar ma ba ta ɓangare ɗaya ba ce: jami'ar L'Orientale ta Napoli ta daɗe tana koyar da Hausa.

Batun al'ada kuwa, abin gudu shi ne a mayar da darasi yawon buɗe ido, taliya da kwale-kwalen Venezia da karkatacciyar hasumiyar Pisa. Al'adar da ta cancanci jami'a tana cikin nahawu. Ɗauki wakilin sunan girmamawa. Littafi ya ce *tu* ga aboki, *Lei* ga wanda ake girmamawa. Amma a kudu har yau ana ce wa dattijo *voi*, wato "ku", kamar yadda ɗan Hausa mai tarbiyya ke yi. A 1938 gwamnatin Fasist ta yaƙi *Lei* da hujjar cewa baƙuwa ce kuma ta raggwaye ce, ta wajabta *voi*, har wata mujallar mata mai suna *Lei* ta koma *Annabella*. A *Una giornata particolare* na Ettore Scola, 1977, wanda labarinsa ke faruwa ranar faretin tarbar Hitler a Roma a Mayun 1938, namijin da ke labarin yana ce wa maƙwabciyarsa *Lei*, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna ɓangaren da yake. Fassarar Turanci "kai" ɗaya gare ta, duk abin ya wuce ta ƙarƙashinta.

Abin da sinimar ƙasa ta yi shiru a kai shi ma darasi ne. Italiya ta mulki Eritiriya da Somaliya da Libiya, ta mamaye Habasha a 1935 zuwa 1936. Darakta ɗan Italiya, Gillo Pontecorvo, ya yi shahararren fim a 1966 kan zaluncin Faransa a Aljeriya, amma kan nasu mulkin mallakar abin da ke akwai kaɗan ne. Fim ɗin Umar Mukhtar, wanda masu kallo a ƙasar Hausa suka sani sarai, an hana nuna shi a Italiya a 1982, sai a 2009 aka sa shi a talabijin. A adabi akwai *Tempo di uccidere* na Ennio Flaiano, 1947, da kuma marubutan da suka fito daga ƙaura, irin su Igiaba Scego, 'yar asalin Somaliya da aka haifa a Roma, da Pap Khouma ɗan Senegal. *Io capitano* na Garrone, 2023, yana bin samari biyu daga Dakar ta Agadas zuwa Libiya da teku. Fim ɗin Italiya ne amma kusan duk da Wolof da Faransanci aka yi shi, don haka wurinsa zauren muhawara ne, ba darasin sauraro ba.

Dante sai an yi masa shiri biyu. Na farko na harshe: De Mauro ya lissafa cewa zuwa ƙarshen ƙarni na 14 kusan kashi 90 na kalmomin yau da kullum na Italiyanci sun riga sun samu, shi ya sa baitocinsa ke yi wa ɗalibi kamar ya gane. Tarkon ke nan. *Gentile* a wurinsa mai daraja ne, yau mai kirki. *Noia* azaba ce, yau gundura. Dole a yi amfani da bugu mai sharhi a ƙasan shafi, kamar yadda yaran Italiya kansu ke yi. Na biyu, a waƙa ta 28 ta *Inferno*, sashen Jahannama na doguwar waƙarsa, akwai baitocin ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Ali, waɗanda wasu masu fassara zuwa Larabci suka tsallake. Malamin da ke da ɗalibai Musulmi ya faɗa musu tun kafin su ci karo da su. A waƙa ta 4 kuma mawaƙin ya ajiye Salahuddin da Ibn Sina da Ibn Rushd cikin manyan mutanen da yake girmamawa, kuma tun 1919 da Miguel Asín Palacios ya kawo hujjar cewa labaran Mi'iraji sun yi tasiri a tsarin waƙar ake muhawara a kai.

Saura jarrabawa. Manyan takardun shaidar da ake karɓa huɗu ne: CILS ta jami'ar baƙi ta Siena, CELI ta Perugia, PLIDA ta ƙungiyar Dante Alighieri, da CERT.IT ta Roma Tre. Mai son yin digiri da Italiyanci a can galibi B2 ake nema daga gare shi. Darasin fim da adabi yana ƙarfafa sauraro da karatu, amma ba ya koyar da wasiƙar ofis ko rubutun kafa hujja da waɗannan jarrabawoyi ke tambaya, sai an ware musu lokaci dabam. Inda yake biya shi ne a jami'o'in Italiya kansu, domin a fannin adabi yawancin jarrabawa ta baka ce: ɗalibi ya zauna gaban farfesa, sauran 'yan aji na baya suna ji, a yi masa tambayoyi, a ba shi maki nan take daga 18 zuwa 30. Saboda haka gwajin ƙarshen zango da ya dace da wannan darasi shi ma na baka ne. A ba ɗalibi shafi ɗaya da fitowar da ta yi daidai da shi, minti ashirin na shiri, sannan ya bayyana da Italiyanci wa ya ce wa wa *Lei*, a wace jimla aka sauya zuwa karin harshe, da abin da mai rubutun ƙasan allo ya zubar.